An Ɗora Maka Shugabanci: Yadda Za Ka Tafi da Mutane Masu Hali Daban-daban

Bayan sallar isha'i ne, a kan tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, aka zaɓe ni shugaban ƙungiyar ci gaban layinmu a Tudun Wada. Mutum goma sha ɗaya aka haɗa ni da su a kwamiti. Ina komawa gida na ɗauki biro na jera ayyuka: yashe kwata kafin damina, gyaran kwalbatin bakin layi, albashin 'yan sintiri, rijiyar burtsatse. Sunan mutum ko ɗaya bai shiga takardar ba. Kafin wata uku ma'aji ya daina gaisawa da sakatare, wani dattijo ya ƙaurace wa taro, wani matashi kuma ya fice daga zaurenmu na WhatsApp da tsakar dare bayan ya bar mana doguwar murya mai zafi. Kuɗi kuwa an tara su, suna ajiye. Abin da ya tsayar da aikin shi ne ban san mutanen da nake ja ba. Murya ɗaya nake yi wa kowa magana da ita, ina zaton hakan shi ne adalci.

Abin da na koya daga baya shi nake so in shimfiɗa maka daki-daki, ko kai ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ne a Kasuwar Barci, ko mai gareji da yara a Panteka, ko hedimasta a Rigasa, ko ke shugabar mata ce mai riƙe da adashi a Unguwar Dosa. Doka ɗaya ake shimfiɗa wa kowa, amma kowane mutum da ƙofar da ake shiga masa.

Wannan ya fi tsanani a Kaduna. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da waɗanda aikin jirgin ƙasa, bariki da ofisoshin gwamnati suka kawo, sannan masaƙun Kakuri suka ƙara jawo wasu tun daga 1957. A kwamiti ɗaya sai ka tarar da Bazazzagi, Bakatsine, Banufe, Babarbare, Gbagyi, Bajju da Bayerabe. Babu mai bin ka don kakanka ya sari garin. Halinka za a duba.

Mataki na farko: fara da kanka

Kafin ka karanci kowa, nemi mutum uku da ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya: iyalinka, tsohon abokinka, da wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashinka. Tambaya ɗaya za ka yi musu: "In raina ya ɓaci, me nake yi?" Kada ka kare kanka, ka dai saurara. Ni abin da aka gaya mini shi ne nakan yi shiru, in je in yanke hukunci ni kaɗai, sai dai mutane su ji a bakin wasu. Wanda ya san wannan game da kansa zai san irin mataimakin da yake bukata. Mai zafi ya nemi mai sanyi kusa da shi, mai jan ƙafa ya nemi mai tunzura shi.

Allah Ya faɗa wa Annabi (SAW) a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da mutane sun watse daga gare shi. Sai Ya umarce shi da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya yi shawara da su, in kuma ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Dubi jerin: taushi, yafiya, shawara, sannan yanke magana. Da yawanmu daga ƙarshen muke farawa.

Akwai kuma abubuwa uku da in babu su duk dabarar da ke ƙasa ba za ta yi maka amfani ba. Na farko amanar kuɗi. Kada kobo na jama'a ya kwana a asusunka na kanka, ko da na dare ɗaya ne, ko da wani ya ce "Ciyaman bari in tura maka kawai." A buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, a ba da rasit, a karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata. Na biyu cika magana. In ka ce Asabar, ta zama Asabar, in ba za ta yiwu ba ka riga kowa faɗa. Na uku haƙuri, don babba juji ne. Za a zage ka a kan abin da ba ka sani ba, kuma wanda ka fi yi wa wahala shi zai fara.

Mataki na biyu: wata guda na sauraro

Kada ka fara da sabbin dokoki. Ware makonni huɗu ka bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya, kowa a inda yake: wannan a shagonsa, wancan a dakalin ƙofar gidansa, wani a wurin mai shayi. Kada ka kira su gidanka, domin mutum a wurinsa ya fi sakin jiki. Tambaye shi me yake gani ya lalace, me aka taɓa gwadawa bai yi ba, kuma wane aiki ne in an ba shi zai yi da daɗin rai. Bari ya fi ka magana.

Yayin da yake magana, ga abin da za ka lura da shi. In aka ce masa a'a, yakan tashi ne ko yakan haɗiye? A taro shi ne na farkon magana ko na ƙarshe? Abin da ya fara yakan kai shi ƙarshe? Sannan, mafi muhimmanci, me ya fi tsoro: raini, asara, jin kunya a gaban jama'a, ko a manta da shi? Mafi yawan rigimar kwamiti daga ɗaya cikin waɗannan huɗun take tsirowa. Rubuta abin da ka fahimta a littafin da babu mai gani sai kai.

Mutane sun daɗe suna ƙoƙarin kasa halaye gida-gida. Malaman ɗibbu na da sukan yi maganar ɗabi'u huɗu, ta wuta, ta iska, ta ruwa da ta ƙasa. A Amurka an ƙirƙiro gwajin Myers-Briggs mai raba mutane gida 16, wanda kamfanoni ke yawan amfani da shi, su kuwa masana halayyar ɗan Adam sun fi amincewa da ma'auni biyar: son sabon abu, tsare aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. Amfanin waɗannan shi ne su buɗe maka ido. Illarsu kuma ita ce ka liƙa wa mutum suna ka daina kallonsa.

A nan Hausa ta yi mana gata da kalma ɗaya mai fuska biyu. Akwai halin mutum, akwai halin da mutum yake ciki. Matashin nan da ya fice daga zaurenmu, na riga na rubuta shi a mai zafin kai. Da na je wurinsa sai na tarar mahaifiyarsa ta yi sati uku a asibiti, shi ke jinya, shi ke biyan magani, mu kuma muna ta sanya sunansa a jerin waɗanda ba su biya karo-karo ba. Hali zanen dutse ne, gaskiya ne, amma kafin ka ce zane ne tabbatar ba ƙura ce ta kwanta a kai ba. Wanda rusau ya ci shagonsa, ko wanda aka yi wata uku ba a biya shi albashi ba, ba ranar auna halinsa ba ce.

Mataki na uku: kowa da ƙofarsa

Babu wanda yake iri ɗaya tsantsa, amma waɗannan za ka gamu da su kusan ko'ina.

*Mai zafin rai.* Yakan tashi kamar wutar kara, ya kuma mutu kamar ita. Kuskure mafi girma shi ne ka amsa masa a lokacin da yake ci. Ka ce, "Malam, na ji ka, maganar nan ba ta tsaye ba ce, bari mu gama in same ka." Ka kuma same shi ɗin a ranar, kada ta kwana. Yawanci irinsu ba su da riƙo kuma ba su da munafunci, abin da ke cikinsu shi ne a bakinsu. Ba shi aikin da ke bukatar tsayuwa da kuzari, kamar sa ido a kan leburori ranar zuba kankare ko bin tifar yashi da ta ƙi zuwa. Kada ka tura shi karɓar bashi gidan wanda yake jin nauyin biya, kuma kada ka sa shi sulhu.

*Mai shiru.* Shi ne wanda aka fi zalunta a taro, domin ana ɗaukar shirunsa a matsayin yarda ko rashin sani. Sau da yawa shi ya fi kowa ganin ramin da ke gaba. Irin wannan ba ya son a yi masa ba-zata. Gaya masa ajanda tun kwana biyu kafin taro, ka ce, "Ina so in ji ra'ayinka a kan batun burtsatse, ka yi tunani." A taron kuma ka kira sunansa, ka jira, ka hana a katse shi. A kwamitinmu wani tela ne mai shiru ya ce a duba inda ruwa ke taruwa a ranar da aka yi ruwan sama kafin a sa bulo ko ɗaya. Ya faɗa mini ne a shagonsa, ƙafarsa a kan keke, bai ma ɗago kai ba. Da an bi tsarin farko da ruwan layi gaba ɗaya gidan wata gwauruwa zai nufa.

*Mai baki.* Ya san kowa, kowa ya san shi, in ya fara magana sai an yi da gaske. Kada ka kashe masa gwiwa, shi ne lasifikarka. Sanarwa, tarbar baƙi, zuwa wurin kansila ko masu hannu da shuni neman gudummawa, duk nasa ne. Sai dai ka haɗa shi da mai rubutu, saboda yakan yi alkawari da sunan ƙungiya ya manta. Sirri kuma ba a ba shi ajiya, ko da kuwa mutumin kirki ne.

*Mai bin diddigi.* Shi ne mai tambayar ina rasit ɗin buhun siminti biyun da suka rage. Zai gajiyar da kai, wani lokaci har ka ji kamar tuhumarka yake yi. Riƙe shi da hannu biyu. Ba shi ma'aji ko binciken kuɗi, ka kuma buɗe masa littafi tun kafin ya tambaya. Ranar da za a yi maka ƙazafi, shaidarsa ce za ta wanke ka, don kowa ya san ba ya rufa wa kowa. Abin da za ka taimaka masa da shi shi ne wa'adi, domin in an bar shi zai yi ta dubawa har damina ta wuce.

*Dattijon da ya girme ka.* Wannan yana bukatar dogon bayani, don a nan matasan shugabanni suka fi faɗuwa. Kujera ta ba ka iko a kansa, shekaru sun ba shi girma a kanka, kuma duka biyun gaskiya ne. Abin da yake tsoro shi ne a mayar da shi kayan ado. Kada ya taɓa jin sabon tsari a karon farko a bainar jama'a. Je ka gida ka same shi, ka zauna ƙasa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ga abin da muke tunani, na ce ba za mu kai shi taro ba sai kun duba mana." In ya gyara, karɓi abin da za ka iya karɓa, ka kuma faɗa a taro cewa gyaran Baba ne. In ya ƙi gaba ɗaya alhali kana ganin alheri ne, kada ka yi musu da shi a gaban yara. Nemi sa'ansa, limami ko wani amininsa, su yi maganar a tsakaninsu. Dattijon da ya ƙaurace mana, abin da ya kore shi shi ne na canza ranar taro ban gaya masa ba, ranar da shi ya sa ta shekaru da suka wuce. Da na je ban haƙuri bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Ɗana, ni ba ranar ce ta dame ni ba, a bakin jikana na ji." Bayan nan shi ya riƙa shige mini gaba wurin duk wanda ya ƙi biyan kuɗin sintiri.

*Mai sanyin jiki.* Kafin ka kira shi malalaci, bincika abu uku: bai iya ba ne, bai gane abin da ake so ba ne, ko ba ya so ne? Na farko koyarwa yake bukata, na biyu bayani, na ukun ne kaɗai ke bukatar matsi. Yanka masa aiki ƙanana, kowanne da ranarsa, ka kuma tuntuɓe shi a tsakiya, kada ka jira ranar ƙarshe.

*Mai kawo magana.* Zai zo maka da dare, ya rage murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba don ina ƙaunarka ba da ba zan faɗa ba." Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma sarkin ne ya ba shi wurin zama. Maganinsa ɗaya ne kuma yana aiki: "Madalla. Tashi mu je wurinsa yanzu ka maimaita a gabansa." In gaskiya ce zai bi ka. In ba ita ba ce, ba zai sake kawo maka ba. Haɗarinsa shi ne yana da daɗin zama, yana yabonka a lokacin da kowa ke suka, sai ka wayi gari da kunnensa kake ji.

*Wanda ya nemi kujerar bai samu ba.* Kada ka bar shi a waje yana kallo. Ba shi aiki na gaske mai suna, wanda in ya yi kyau shi za a yaba. In ya karɓa ka sami ƙwararre, in ya ƙi jama'a sun gani.

Mataki na huɗu: ɗora kowa a inda zai yi kyau

Ba aikinka ba ne ka sauya wa baligi hali. Aikinka ka nemo wurin da halin nasa zai zama alheri. Dubi yadda Annabi (SAW) ya yi da sahabbansa: Bilal ga kiran salla, Zaidu ɗan Sabit ga rubutu, Khalid ɗan Walid ga jagorancin runduna, Mu'azu ɗan Jabal aka tura Yaman ya koyar, Huzaifa aka ba ajiyar sirri. Abu Zarri kuwa, duk da tsoron Allahnsa, da ya nemi a ba shi muƙami sai aka gaya masa cewa shi mai rauni ne, ita kuma amana ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Nagartar mutum daban, dacewarsa da wani aiki daban. Ka lura kuma da cewa manyan mashawartansa biyu, Abubakar da Umar, ɗaya ya fi karkata ga sassauci ɗaya ga tsanani, kamar yadda ya bayyana a shawarar fursunonin Badar, kuma bai rabu da ko ɗaya ba.

In za ka ba da aiki, abu huɗu su fito fili a rubuce: mene ne aikin, wa ke da alhakinsa, yaushe za a gama, nawa aka ware. "Ku duba mana batun kwata" ba aiki ba ne. "Malam wane, ka samo farashin birkila uku kafin Laraba" shi ne aiki. Suna ɗaya ake sawa, ko da mutum biyar za su yi, don tukunyar da kowa ke da ita ita ke ƙonewa. Haɗa mutane biyu-biyu masu cike giɓin juna: mai baki da mai rubutu, mai zafi da dattijo. Bayan ka ba da aiki kuma ka janye hannunka. Wanda aka ba aiki ana tsaye a kansa, ba a ba shi komai ba.

Mataki na biyar: taro

A al'adarmu in babba ya yi magana yaro ba ya ƙarawa. Saboda haka in dattawa suka fara, taro ya ƙare ke nan, sauran sai gyaɗa kai, a fita a yi gunaguni a waje. Juya tsarin, amma da izini: "Iyayenmu, a yi mana afuwa yara su fara, ku sai ku rufe mana da abin da kuka gani." Ka ba su girman rufewa, ka kuma ji ta bakin kowa. Kai ma riƙe ra'ayinka sai ƙarshe, don da zarar ka faɗa, masu son faranta maka sun daina tunani.

Kada a yanke abin da ya shafi mata ba tare da su ba. Su ne suka san lokacin da layin ruwa ya fi tsawo da lungun da yara ke tsoron bi da magariba. In zama ɗaya bai dace da tsarin wurinku ba, a sami wakilai, ko a yi nasu zaman a kawo matsayarsu a rubuce, a kuma karanta ta kamar yadda suka faɗa.

Babbar magana ba a kai ta taro sai ka san inda kowa ya tsaya. 'Yan Kaduna sun ga wannan a siyasa. Alhaji Balarabe Musa ya ci zaɓen gwamna a 1979 a jam'iyyar PRP, amma NPN ke da rinjaye a majalisar jiha. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Har yau ana yabonsa da riƙon gaskiya da gudun abin duniya, kuma ya cancanci yabon. Abin da ƙaramin shugaba zai ɗauka a nan shi ne gaskiyarka ba ta ɗauke maka ƙidayar hannuwan da za a ɗaga. In ka ga ba ka da rinjaye, jinkirta, ka koma zagaye.

Zauren WhatsApp na sanarwa ne da hotunan rasit. Ba a yanke hukunci a ciki, ba a yi wa kowa faɗa a ciki. In wuta ta tashi a can, kira mutumin a waya, ko ka taka ka je. Taron kansa kada ya wuce awa ɗaya da rabi, a tashi da jerin wa zai yi me.

Mataki na shida: doka ɗaya

Duk sassaucin da na ambata a hanya yake. Ita doka ba ta da fuska biyu. A rubuta dokoki kaɗan, waɗanda kowa ya amince da su tun ba a san wa za su fara kamawa ba, kuma su fara aiki a kanka. Ranar da na makara taro saboda cunkoso a Kawo, na ciro tarar na ajiye a gaban ma'aji kafin in zauna. Daga ranar ban sake jin wanda ya yi gardamar tara ba.

In mutum ya yi kuskure, bi shi hawa-hawa. Fara da keɓewa, kai da shi. Faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, kada ka ce "kullum haka kake." Tambaye shi me ya jawo, ka saurara da gaske, sannan ku tsayar da abin da zai canza da lokacinsa. In ya maimaita, ka zo da mutum ɗaya da yake jin nauyi. In ya sake, sai kwamiti. In ta kai ga sauke shi, a sauke shi da mutuncinsa, a gode masa a kan abin da ya yi na alheri, domin gobe a sahu ɗaya za ku yi salla, ko ku haɗu a jana'iza. Yadda za ka faɗa ne ke canzawa: mai zafi a ba shi a gajarce bayan ya huce, mai saurin jin ciwo a fara da abin da ya yi daidai, mai bin diddigi a kawo masa hujja, dattijo a bi ta hannun sa'ansa. Cin amanar kuɗi ne kaɗai ba ya bin wannan tsani. Shi kai tsaye gaban kwamiti yake zuwa, ko ɗan wane ne.

Yabo ma haka. Wani a gaban jama'a yake so, wani kuwa in ka yabe shi a taro ka kunyata shi, gara ka bi shi gida ka ce Allah Ya saka da alheri.

Mataki na bakwai: in biyu sun saɓa

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ji kowanne shi kaɗai tukuna, kada ka nuna inda ka karkata ko da da fuska. Ma'ajinmu da sakatare, da na bi diddigi, rigimarsu ba ta kuɗi ba ce. Sakatare yakan karɓi karo-karo a hanya don sauƙaƙa wa mutane, ya kawo bayan kwana biyu. Shi a ganinsa taimako yake yi, ma'aji kuma a ganinsa an raina aikinsa ana kuma jefa shi cikin zargi. Kowannensu na da gaskiya a inda ya tsaya. Muka raba iyaka: sakatare ya riƙe jerin suna, kuɗi kuwa hannun ma'aji kaɗai ko asusu. Sau da yawa abin da ake kira rashin jituwar hali, iyakar aiki ce ba a shata ba.

In kwamitinka ya haɗa Musulmi da Kirista, to nauyin ya ƙaru. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutane da yawa sun yi ƙaura, garin ya kusa rabuwa gida biyu, arewa da kudancin kogi, har yaro kan girma a Rigasa bai taɓa zama da ɗan Sabon Tasha ba. Kasuwa, ofis, gareji da makaranta su ne wuraren da suka rage ana cuɗanya, kuma shugaban irin wannan wuri yana riƙe da abin da ya fi ƙungiyarsa girma. Kada ka sa taro lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. In wannan ya buɗe da addu'a, wancan ya rufe. A yi zaman a ajin firamare ko wani wurin da kowa zai shiga ba tare da ɗari-ɗari ba. In akwai wanda Hausarsa ba ta nuna ba, a fassara masa. Laifin mutum ɗaya kuma a kira shi da sunan mai shi, kada ka bari a ce "ai su haka suke."

Muna da abin koyi a gida. Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa daga 1954 zuwa 1966, ya yi aiki da ministoci Kiristoci irin su Michael Audu Buba, kuma Sunday Awoniyi, Kirista daga Mopa da ya yi aiki a gwamnatinsa, daga baya har ya shugabanci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa. Ga kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, amma daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare a nan Kaduna, suka kuma taimaka aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya da malaman addinan biyu suka sa wa hannu a watan Agustan 2002.

Mataki na ƙarshe: shirya wanda zai gaje ka

Tun a shekarar farko ka sa ido a kan mutum biyu ko uku. Kada ka nemi mai kama da kai, nemi wanda masu hali daban-daban ke iya zama da shi. Bar shi ya jagoranci taro kana zaune a gefe, tura shi wurin dattawa shi kaɗai, in ya yi kuskure ku gyara a keɓe. In wa'adinka ya cika ka sauka, ko da ana cewa ka zarce.

Ni matashin nan mai jinyar mahaifiya ne ya gaje ni. Ranar miƙa ragama, a kan tabarmin nan dai na ƙofar gidan mai unguwa, na ba shi littafin kuɗi, takardun banki, jerin 'yan sintiri da makullin burtsatse, ma'aji ya karanta abin da ya rage a asusu kowa ya ji. Ɗaya littafin, wanda na rubuta halayen mutane a ciki, ban ba shi ba. Na ce ya sayi nasa sabo, ya fara zagaye daga gidan Baba ranar Asabar bayan la'asar.